SAUYA BATIRIN KWAMFUTAR CINYA DA WANDA YA FI SHI RIƘE CAJI

A zangon karatun da ya gabata wani tsohon ɗalibinmu, wanda yanzu yake shekararsa ta ƙarshe a jami'a, ya kawo mana ziyara a ɗakin malamai. Bayan an gaisa sai ya ciro kwamfutarsa daga jaka, irin ta ɗorawa a cinya ɗin nan, ya ce da mu tana neman ta ja masa asara. Da ma ta hannu ya saya, kuma batirinta ya gaji har ba ya kai minti 40. Sau biyu ana ɗauke wuta da dare yana tsakiyar rubuta aikin bincikensa, kwamfutar ta mutu kafin ya adana abin da ya rubuta. Ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi sabon batir, kuma wani mai shago ya nuna masa wanda aka rubuta wa lamba babba, ya ce masa wannan sai ya wuni bai mutu ba. Tambayarsa ita ce: "Malam, in na sa wanda ya fi nawa girma, ba zai ƙona mini kwamfuta ba?"

Mun ga tambayar ta cancanci a amsa ta a wannan mujalla, domin da yawa daga cikin ɗalibanmu masu fita bana za su mallaki irin wannan na'ura nan ba da daɗewa ba, kuma akasari iyaye ne za su matse bakin aljihu su saya masu. Amsar a taƙaice ita ce, batir mai yawan ajiya ba ya cutar da kwamfuta muddin ƙarfin turawarsa daidai yake da na tsohon, kuma don irin wannan kwamfutar aka ƙera shi. Haɗarin yana wajen jabu da kuma wanda bai dace ba. Bari mu bi maganar daki-daki.

ABIN DA KE CIKIN BATIRIN

In aka fasa baƙin ƙoƙon batirin tsohuwar kwamfuta, irin wanda ake zarewa daga baya, za a tarar da ƙananan batura a jere, kowanne ya ɗan fi batirin ƙaramar tocila girma. Waɗannan su za mu riƙa kira ƙwayoyi. Sunansu a kasuwa 18650, saboda kaurin kowace ƙwaya milimita 18 ne, tsawonta kuma milimita 65. Da sinadarin litiyam suke aiki. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara fito da irin wannan batir kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku da suka share masa fage, wato John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar yabo ta Nobel.

Kowace ƙwaya tana ba da bolt 3.6 ko 3.7, in ta cika maƙil kuma takan kai 4.2. Hanyoyin haɗa su biyu ne, kamar yadda muka koya a darasin lantarki. In aka jera su kai da gindi, kamar yadda muke zuba batura a tocila, ƙarfin turawa ne ke ƙaruwa: ƙwaya uku su ba da bolt 10.8 ko 11.1, huɗu su ba da 14.4 ko 14.8. In kuwa aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, bolt ba ya canzawa, ajiyar ce ke ninkuwa. Saboda haka batir mai ƙwaya shida layi biyu ne na ƙwaya uku-uku, mai ƙwaya tara kuma layi uku ne. Bolt ɗinsu ɗaya, amma mai tara ya fi mai shida ajiya da rabi.

Ban da ƙwayoyin, akwai wani ɗan allon lantarki a ciki wanda shi ne mai gadi. Shi ke yanke caji in ƙwayoyi sun cika, ya hana su zuƙewa ƙarƙaf, ya lura da zafinsu, ya kuma gaya wa kwamfuta kashi nawa ya rage. A riƙe maganar wannan allo, za mu komo kanta.

MISALIN TANKIN RUWA

Mu ɗauki tankin ruwan da ke kan ƙarafa a bayan ɗakin kwanan ɗalibai. Abu biyu ne game da shi. Na farko tsayin da aka ɗora shi, wanda shi ke sa ruwa ya fito da ƙarfi a famfo. Na biyu girmansa, wato yawan ruwan da yake ɗauka. Tsayin nan shi ne bolt, girman kuwa shi ne ajiyar batir.

To, a ce an sauke tankin an ɗora wanda ya ninka shi faɗi a daidai wannan tsayi. Famfo ba zai fashe ba, ruwa ba zai fito da ƙarfin da ya wuce na da ba. Abin da zai canza kawai shi ne za a daɗe ana ɗiba kafin ya ƙare, kuma mai injin ruwa zai daɗe kafin ya cika shi. Amma in aka ɗauki tankin aka kai shi can ƙololuwar bene, ƙarfin ruwan na iya tsinka bututun da ba a yi shi don haka ba. Haka abin yake ga kwamfuta. Ita ce ke jan wutar da take bukata, batir ba ya ɗura mata. Yawan ajiya ba abin tsoro ba ne, bambancin bolt ne abin tsoro.

Wani zai ce, tsohon batirina an rubuta masa 10.8V, sabon kuma 11.1V, yaya ke nan? Wannan ba komai. Dukansu ƙwaya uku ne a layi, wani kamfani ya lissafa da 3.6, wani da 3.7. Haka 14.4 da 14.8 abu ɗaya ne. Amma kada a sa mai 14.8 a gurbin mai 11.1, sai fa in kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya faɗa da kansa cewa tana karɓar duka biyun.

YADDA AKE KARANTA LAMBOBIN

A jikin kowane batir akwai lambobi uku. Mai harafin V ita ce bolt. Mai mAh tana nuna yawan cajin da ke ciki. Mai Wh, wato wat sau awa, ita ce ke nuna ainihin aikin da batirin zai iya yi, kuma ita ce ya kamata mai saye ya zuba wa ido. In ba a rubuta ta ba, lissafin ba wuya: a ninka bolt da mAh, a raba da 1,000.

Alal misali, batir mai 10.8V da 4,400mAh yana da kimanin 48Wh. Ɗan'uwansa mai ƙwaya tara, 10.8V da 6,600mAh, yana da kimanin 71Wh. In kwamfuta tana shan wat 12 lokacin da ake rubutu da ita, na farko zai yi kusan awa 4, na biyu kuma kusan awa 6. In ana kallon fim ko wani aiki mai nauyi har shan wutar ya kai wat 24, sai a raba waɗannan awoyi biyu. Ke nan ba wanda zai iya rantsuwa cewa batir kaza zai yi awa kaza, sai ya san aikin da za a sa shi.

Dalilin da ya sa muka ce a bi Wh shi ne, mAh ita kaɗai tana ruɗi. Batir mai 7.6V da 5,000mAh yana da 38Wh ne kawai, alhali mai 11.4V da 4,000mAh ya haura 45Wh. Wanda ya bi girman lamba zai ɗauka na farko ya fi, ga shi kuwa na biyun ne babba.

WACE KWAMFUTA CE KE KARƁAR BABBAN BATIR?

Kwamfutoci iri biyu ne a wannan fanni. Akwai tsofaffin ƙira masu batirin da ake zarewa ta hanyar tura 'yar sakata a ƙasa. Irinsu har yanzu suna da yawa a kasuwannin kayan hannu, kamar Kasuwar Kwamfuta ta Ikeja a Legas da Farm Centre a Kano. Da yawansu tun daga masana'anta an yi masu batir iri biyu ko uku. Lenovo ThinkPad T450 ta 2015, alal misali, tana da batirin baya na kimanin 24Wh, da na 48Wh, da na 72Wh, kuma duk rami ɗaya suke shiga. Babban yakan turo ta baya ko ya ɗaga gindin kwamfutar sama. Wannan ɗagawa ma tana da amfani, don iska takan fi shiga ta ƙasa. Sai dai jaka za ta ƙara nauyi, tunda kowace ƙwaya ta kai kimanin giram 45.

Iri na biyu su ne sirara na zamani, waɗanda batirinsu yake ciki, sai an kwance murfin ƙasa kafin a gan shi. Wannan batir shimfiɗaɗɗe ne, an auna shi daidai da gurbinsa, don haka akasari ba wurin da babba zai shiga. Amma akan sami 'yan kaɗan da aka bar wa zaɓi. Dell XPS 15 ta 2017 tana zuwa da batir mai 56Wh ko mai 97Wh, sai dai babban yana cinye gurbin da ake sa faifan ajiya mai inci 2.5. Wanda yake son babban dole ya haƙura da wannan faifai, ya koma kan ƙaramin na zamani.

Hanyar sanin gaskiya ita ce a duba lambar samfurin kwamfutar da lambar da ke jikin tsohon batir, sannan a nemi littafin gyaranta wanda manyan kamfanoni kan sa a shafinsu na intanet. A ciki akan jera duk baturan da suka dace da ita. In babu babba a jerin, to, babu shi, ko da mai shago ya ce akwai. A kuma sani cewa wasu kamfanoni sun sa kwamfutocinsu su riƙa tantance batir, in ba su gane shi ba sai su nuna gargaɗi ko su ƙi yi masa caji sam.

JABU DA YADDA AKE GANE SHI

A nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta. Ƙwayar 18650 mafi kyau da manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung da LG ke yi ba ta wuce kimanin 3,500mAh. Tunda batir mai ƙwaya shida layi biyu ne, iyakarsa kimanin 7,000mAh, kuma yawancinsu tsakanin 4,400 ne da 5,800. Batirin da aka nuna wa ɗalibinmu mai ƙwaya shida ne, amma an rubuta masa 9,900mAh. Da muka yi wannan lissafi tare a kan allo, shi da kansa ya yi dariya. Buga lamba a takarda ba ya cin kuɗi, ƙwaya mai kyau ce ke da tsada.

Masu yin jabu sukan cika ƙoƙon da tsofaffin ƙwayoyin da aka ciro daga matattun batura, ko masu arha marasa ƙarfi, wani lokaci ma su rage yawansu. Abin da ya fi muni shi ne sukan tauye allon nan mai gadi da muka ambata. Ƙwayar litiyam in aka cika ta fiye da kima, ko aka huda ta, ko ta yi zafi ainun, takan kama wuta da kanta, wutar kuma mai wuyar kashewa ce, don zafin ƙwaya ɗaya ke kunna ta kusa da ita. Kada a ɗauka muna tsoratarwa ne. A 2006 kamfanin Dell ya janye batura fiye da miliyan 4 daga hannun jama'a, saboda an gano ɓurɓushin ƙarfe a cikin wasu ƙwayoyin da Sony ta ƙera, wanda ya sa wasu kwamfutoci suka kama wuta. In ƙaramin kuskure a babbar masana'anta zai jawo haka, ina ga kayan da aka harhaɗa a ɓoye ba mai dubawa? Ku tuna cewa wannan abu a kan cinya ake ɗora shi, wani lokaci a ɗakin da mutum takwas ke barci.

Ga abubuwan da mai saye zai lura da su. Na farko, ya auna nauyin sabon da tsohon a tafin hannu. Wanda aka ce ya fi ajiya amma ya fi sauƙi, akwai lauje cikin naɗi. Na biyu, ya duba ranar da aka ƙera shi, domin batirin litiyam yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, wanda ya shekara biyar a kanta ba sabo ba ne. Na uku, ya tafi da kwamfutarsa shagon a gwada a gabansa. Na huɗu, ya karɓi rasit da alkawarin canji a rubuce. In farashin ya yi arhar da ta ba shi mamaki, ya tuna araha ba ta ado, sayen nagari kuwa mai da kuɗi gida ne.

KAFIN A FITAR DA KUƊI

Yana da kyau a fara tabbatarwa cewa batirin ne ya gaji. Kwamfuta mai Windows tana iya faɗin lafiyar batirinta. A buɗe baƙin allon ba da umarni, a rubuta powercfg /batteryreport, sai ta fitar da rahoto. A ciki akwai lambobi biyu: ajiyar da aka ƙera batirin da ita, da kuma wadda yake iya ɗauka yanzu. In an ƙera shi da 48Wh amma yanzu 15 yake ɗauka, ya gama aikinsa. Wannan ba laifin kowa ba ne, domin yawancin waɗannan batura sukan fara ja da baya sosai bayan an cika su an juye sau 300 zuwa 500. Da wannan rahoto kuma za a gwada sabon batir bayan an saya.

Sau da yawa wanda ya saba da mataccen batir, in ya sami sabo na gaskiya ko da daidai girman tsohon ne, sai ya ga ya wadatar. Saboda haka mutum ya tambayi kansa awa nawa yake bukata tsakanin ɗauke wuta da dawowarta. Ya kuma sani babban batir ya fi daɗewa kafin ya cika, tunda cajar ba ta canza ba. Inda wuta ba ta wuce awa ɗaya take zama, mai yiwuwa babban ba zai taɓa cika ba.

Masu shirin tafiya karatu waje su lura da wata ƙa'ida. A jirgin sama ana barin fasinja ya shiga da batirin da bai wuce 100Wh ba. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin. Batirin da ba a cikin na'ura yake ba kuwa a jakar hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin kayan awo. Wannan ne ya sa da wuya a ga kwamfutar cinya mai batirin da ya haura 100Wh.

YADDA AKE SAUYAWA

Mai zarewa daga baya ba shi da wahala. A kashe kwamfutar gaba ɗaya, a cire caja, a kifa ta, a tura sakata a zare tsohon, a tura sabon har sai ya yi ƙas. In ya ƙi shiga kada a danna da ƙarfi, alama ce ba nata ba ne.

Na ciki kuwa shawararmu ita ce a kai wa mai gyaran da aka yarda da shi, a tsaya ana kallo. Wanda ya ga zai iya da kansa, ya fara kwafe muhimman takardunsa zuwa wani wuri, ya bar cajin ya sauka ƙasa da kashi 25, don batir mai ƙarancin caji bai cika tashin wuta ba in an yi kuskure. Ya kashe, ya cire caja, ya kwance sukurorin yana jera su yadda ya ciro su. Ya ɗaga murfin da abin roba, ban da wuƙa ko bakin sukundireba. Wajen cire wayar batir ya kama kan soket ɗin, kada ya ja wayoyin. Kada ya lanƙwasa batirin, kada ya huda shi.

Bayan an sa sabo, a cika shi har 100, a yi aiki da shi har ya kusa ƙarewa, a sake cikawa. Wannan yana taimaka wa allon ciki ya daidaita lissafinsa, don kada kwamfuta ta riƙa cewa saura kashi 30 sannan ta mutu farat ɗaya.

Tsohon kuma kada a jefa shi bola. Mun san a unguwanninmu ƙona shara ake yi, kuma yara ne ke tsaye kusa da wutar. A rufe bakinsa da salatif a miƙa wa masu gyara ko masu karɓar tsofaffin kayan lantarki. In batir ya kumbura har ya fara ɗaga madannai ko ya buɗe bakin murfi, a daina yi masa caji nan take, a fitar da shi daga ɗakin kwana.

KULA DA SABON BATIR

Babban maƙiyin batirin litiyam shi ne zafi, mu kuwa a watannin Maris da Afrilu ba sai an gaya mana zafi ba. Kada a ɗora kwamfuta a kan katifa ko matashi, don suna toshe kafofin iska. A sa ta a kan tebur ko faranti. Kada a bar ta cikin mota a rana. Batirin kuma ba ya son a riƙa zuƙe shi har ƙasa kullum, ba ya son ya yi makonni a cike maƙil cikin zafi. Ya fi jin daɗi tsakanin kashi 20 da 80, kuma kwamfutoci da yawa na Lenovo da Dell da Asus suna da wurin da ake saita iyakar caji. Mun san mai fama da ɗauke wuta dole ya cika nasa in ya samu, wannan ba laifi. Amma in za a ajiye kwamfuta tsawon hutu, a bar ta da rabin caji a wuri mai sanyi. Rage hasken allo da rufe abubuwan da ba a amfani da su kuwa suna ƙara lokaci ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Ɗalibin namu ya koma kasuwa da lambar tsohon batirinsa a rubuce a takarda. Ya bar mai 9,900 ɗin nan a inda ya gan shi, ya ƙara kuɗi ya sayi mai ƙwaya tara wanda ke cikin jerin da kamfanin ya bayar, aka gwada a gabansa. Ya aiko mana da saƙo cewa jakarsa ta ƙara nauyi, amma ya miƙa aikinsa a kan lokaci. Muna fata 'yan ajin ƙarshe za su adana wannan shafi, ranar da bukata ta taso su ɗauko biro su yi lissafin kafin su sa hannu a aljihu.